Madubin hannu ko madubin kebul? Amsa ga mai aikin 'yan tsallen ciyawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wane madubin ƙara girma za ka saya don tantance 'yan tsallen ciyawa, ƙananan ƙwarin nan masu tsalle a ganye: na hannu ko mai kebul. Madubin hannu za ka saya, mai 10x, wato mai ƙara girma sau goma, irin na masu sayar da gwal da masu gyaran agogo. Wancan mai kebul da ake jonawa a waya ko kwamfuta, wanda ka ce an rubuta 1600x a kwalinsa, ka bar musu kayansu. Duka biyun ina da su. Ɗaya a wuyana yake duk ranar da na shiga gona, ɗayan kuma yana can saman durowa ƙura ta rufe shi.

Na hannun kawuna ne ya ba ni, Allah ya jiƙansa, gyaran agogo yake yi a cikin gari. Wata rana ya same ni ina ta murtsuke ido a kan wata 'yar kwalba, ya ce me nake nema? Na ce ƙwaro. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce yau ga wanda aka tura jami'a ya koyo kallon ƙuma. Sai ya buɗe gwangwanin kayan aikinsa ya miƙo min. Na ɗaura masa igiyar takalmi, kuma da shi na yi damina biyu ina yawo a ciyayin sabuwar BUK ta hanyar Gwarzo da gefen gonakin masara na Kadawa. Ruwa ya dake shi, ya faɗa taɓo, na goge da bakin riga na ci gaba. Ba batir, ba caji, ba ruwansa da an ɗauke wuta.

Yawancin mutane ba su iya riƙe shi ba, shi ya sa suke raina shi. Ba a miƙa hannu da shi kamar mai duba fuska. Manna shi za ka yi a idonka, sannan ka matso da kwalbar har hoto ya fito, wajen santimita biyu da rabi ke nan daga gilashin, rana kuma ta zo ta gefen kafaɗarka. In ƙwaron ya ƙi tsayawa, ka tura kwalbar cikin kula tare da fiya wata mai ƙanƙara na 'yan mintuna, zai yi laushi.

Ƙafar baya za ka fara dubawa, ba launi ba. Ɗan tsalle na dangin Cicadellidae yana da ƙayoyi a jere layi-layi a ƙwaurinsa kamar haƙoran mataji. In ka ga wata ƙaya guda babba mai motsi a ƙarshen ƙwaurin, wannan Delphacidae ne, ka ware shi gefe. Daga nan sai kai. Cicadulina, mai yaɗa cutar zanen ganyen masara, bai fi milimita 3 ko kusa da haka ba, kuma yana da ɗigo biyu baƙi zagayayyu a bakin goshi, kai ka ce idanu huɗu gare shi. Exitianus, wanda zai cika maka raga a cikin kiri-kiri da harƙiya, ya ɗan fi shi girma, kuma baƙin layi ne ya ratsa kansa daga ido zuwa ido. Koren nan siriri da ke tashi in ka girgiza ganyen wake, Empoasca ne. Duk wannan 10x yana nuna maka shi ras, kana tsaye a gona.

Shi kuwa na kebul, in an kwantar da mataccen ƙwaro a kan farar takarda yana ɗaukar hoton da za a iya sa wa a furojet. Iyakar alherinsa ke nan. Fitilunsa suna haske fukafukai su koma fari fat, rawaya ta zama toka-toka, sandar da yake tsaye a kai tana rawa ko numfashi ka yi, hoton kuma sai ka motsa da daɗewa yake biyo ka. Shi 1600x ɗin, girman allon da ka jona ne kawai suke lissafawa. An buɗa hoton ne, ba a ƙara masa komai ba.

Amma kada in yaudare ka, ko wanne ka saya ba zai faɗa maka nau'in ba. Jinsi za ka kai, wato ka gane Cicadulina ne ko Exitianus, ka tsaya. A damina ta farko na raba Exitianus ɗina gida uku, na rubuta musu A da B da C, ina jin na gano abin duniya. Waɗansu layin kansu kauri ne baƙi ƙirin, waɗansu ya kakkatse, waɗansu da ƙyar ake ganinsa. Na kai ɗakin gwaji, wani dattijon ma'aikaci ya zaɓi maza daga kowane gida, ya yanke ƙarshen cikinsu, ya jiƙa a ruwan sinadarin KOH kashi 10 cikin ɗari, ya sa a madubin likita mai ido biyu ya duba al'aurarsu. Ya ɗago ya ce, "Yaro, 'yan gida ɗaya ne." Haka na tattara kwalabena jiki a sanyaye.

Launi a wajen waɗannan ƙwari ba abin rantsuwa ba ne. Wanda bai daɗe da yin saɓa ba fari yake fitowa kafin jikinsa ya yi ƙwari ya yi duhu. Mace ta fi namiji girma, in ka kifa ta za ka ga abin saka ƙwanta kamar 'yar wuƙa a ƙarshen ciki. A Nephotettix na shinkafa, baƙin jikin namiji ya fi na mace yawa, har mutum ya ɗauka ba su haɗa komai ba. Ƙanana kuwa sau biyar suke saɓa kafin fukafukai su cika, kada ma ka wahalar da kanka da su. Ga kuma sifirit: kashi 70 cikin ɗari yana adana jiki, amma kore yakan kode ya koma rawaya, don haka ka rubuta launi a littafinka tun suna da rai. Cicadulina ma launi ba zai raba maka su ba. Jinsin yana da nau'i sama da 20, mafi yawansu a Afirka, kuma tsakanin nau'in mbila da na storeyi al'aurar namiji ce take raba gardama. Ka tara maza da yawa. Kwalba cike da mata aikin banza ce.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Ni a wani shago aka ɗora min na kebul ɗin, yaron shagon ya nuna min hoton idon ƙuda a wayarsa ya rantse da na'urar aka ɗauka. Da na koma washegari sai maigidan ya ce kayan da aka buɗe ba a karɓa. Madubin hannun ma akwai na bogi birjik. Za ka ga an buga masa 30x da faɗin milimita 21, ƙarya ce tsagwaronta, gilashi mai wannan faɗin ba ya kai 30x, na gaske ɗan ƙarami ne kuma sai ka kusa taɓa abu da shi. Wani a rubuta masa mai gilashi uku alhali roba ce guda ɗaya. Ka je da rula da sabuwar takardar kuɗi a aljihu. Ka duba ƙananan rubutun jikinta: in gefen hoton ya lanƙwashe ko ka ga shuɗi da ja suna zagaye haruffa, ajiye masa. In ya hana ka buɗe kwali, ka yi gaba, kuma kada ka tura wa kowa kuɗi a intanet kan abin da ba ka riƙe a hannu ba.

Canjin da ya rage ka sayi ƙananan kwalabe masu murfi, da tiyon ƙarin ruwa na haɗa abin zuƙo ƙwari cikin kwalba, tela ya ɗinka maka raga da farin yadi mai ƙwari, don ƙarangiya tana yaga gidan sauro a fita ɗaya. Ka fara fita tun yanzu, amma daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba za ka fi samun su, musamman gefen masarar da aka shuka a makare. Ka bari raɓa ta bushe tukuna, in ba haka ba duk su manne a raga. In kana son gwada nawa kafin ka saya, ina Ƙofar Famfo ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da kwalbarka.