Sharhi kan The Red Pony: littafin doki da bai kamata a miƙa wa yaro a juya baya ba

Duk wanda ya ga bangon wannan littafi, da hoton ɗan jan doki a jiki da sunansa mai nufin "jan ƙuru", zai ɗauka labarin yaro ne da dokinsa har su girma tare. Da wannan zaton iyaye da malamai da yawa suke sayensa, kuma daga nan ƙorafin masu karatu yake farawa. Dokin da aka sa wa littafin sunansa yana mutuwa ne tun a ƙarshen labari na farko, alhali saura labarai uku.

John Steinbeck ne ya rubuta shi, mutumin garin Salinas a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka haifa a 1902, ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1962. Labarai biyu na farko sun fito a mujalla a 1933. An haɗa uku a littafi a 1937, sai bugun 1945 mai zane-zane ya zo da huɗun gaba ɗaya. Wannan abin lura ne ga mai saye: a buɗe a ƙirga, a tabbata labarai huɗu ne. Bugun kamfanin Penguin da ake yawan samu shafi ɗari ne da 'yan kai, babba zai gama shi a zama biyu. Turancinsa mai sauƙi ne, jimloli gajeru. Abin da zai tsayar da ɗalibi kawai shi ne kalmomin barga, irin su sunayen ragama da linzami da sassan sirdi.

Labarin na Jody Tiflin ne, yaro ɗan shekara goma, a wani ƙaramin gandun kiwo a kwarin Salinas. Irin wannan gandu fili ne na mutum ɗaya mai shinge, da shanu da dawaki da aladu da kaji, ba a tashi da dabbobi zuwa ko'ina. Mahaifinsa Carl mutum ne mai tsauri wanda ba ya son a ga taushinsa. Akwai kuma Billy Buck, ma'aikacin gidan, wanda duk yankin an san babu wanda ya fi shi sanin doki. Carl ya sayo ƙurun ne a gwanjon kayan wasu masu wasan nishaɗi da suka karye, da ɗan jan sirdinsa na ado, ya ba Jody da sharaɗin in ya taɓa samun dokin da datti ko yunwa zai sayar da shi. Jody ya sa masa suna Gabilan, sunan duwatsun da ke gabashin kwarin.

Shafukan horon dokin su ne masu dawaki suka fi yabawa, kuma sun cancanta, don an bi tsarin yadda yake. An fara da ɗaga ƙafa da taɓa kofato. Sai ragama, ana jansa da karas a hannu har ya koyi bi. Sai doguwar igiya, yana kewaya yaron yana koyon tsayawa da tafiya da sassarfa ta murya kaɗai. Bayan nan aka ɗora sirdi ba a ɗaure ba, kullum ana ƙara matse majanyin kaɗan kaɗan. Linzami ne ƙarshe, shi ma Billy ya sa aka fara saba masa da wani ɗan itace mai zaƙi a baki kafin ƙarfe. Duk tsawon wannan lokaci ba a hau shi ba. An ce sai ƙarshen Nuwamba.

Ranar da abin ya lalace, Jody zai tafi makaranta, yana son ya bar dokin a waje ya sha rana. Ya tambayi Billy, Billy ya ce ba za a yi ruwa ba, in ma an yi zai shigar da shi. Aka yi ruwan, Billy ba ya gida, doki ya wuni a jiƙe. Kwana biyu sai majina da kasala, sai kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi.

A nan masu karatu da yawa suke fita da fahimtar da ba daidai ba, su ce ruwan sama ne ya kashe Gabilan, laifin Billy ne. Cutar da Billy ya ambata, wadda Turawa ke kira strangles, sunan da ke nufin shaƙewa, ƙwayar cuta ce mai suna Streptococcus equi take kawo ta. Daga doki zuwa doki take bi, ta majina, ta bokitin ruwa, ta ragama, ta hannun mai kula da barga. Daga kamuwa zuwa bayyanar alama kwana 3 ne zuwa 14. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Selsiyos, kuma zazzaɓi ne alamar farko, kafin majina da kumburin kaluluwar wuya. Ƙananan dawaki ta fi kamawa. Wani dokin da ya warke yakan ci gaba da ɗauke da ƙwayar watanni a wata 'yar jaka da ke bayan maƙogwaro, yana raba ta ba tare da ya nuna komai ba. Jiƙewa da sanyi suna iya raunana jiki, amma ba sa haifar da cutar. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a ware sabon doki mako uku da bokitinsa da kayansa kafin a haɗa shi da sauran. Wannan ya shafi duk mai barga da ke kai dawaki wurin da ake cakuɗuwa, kasuwa ce ko hawan salla.

Maganin da Billy ya yi na zamaninsa ne, lokacin da babu fenisilin. Ya yi wa dokin surace da dusa da ruwan zafi da ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta a jakar da aka rataya masa a hanci. Ya jira kumburin ya nuna, sannan ya yi masa sakiya da ƙaramar wuƙa, mugunya ta zubo. Wannan jiran daidai ne, har yau haka ake yi: ana gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ba a tsaga shi yana da tauri, in an tsaga a riƙa wanke shi kullum. Da numfashi ya toshe, Billy ya huda maƙogwaron daga waje, ya bar Jody da auduga yana share majina daga ramin. Wannan ma aiki ne na gaske, sai dai yau likita ne ke yinsa, da allurar kashe zafi da bututun da ake sakawa a ramin ana cirewa ana wankewa. Abin da littafin bai faɗa ba, kuma ya kamata a faɗa wa yaron da ya karanta, shi ne yawancin dawakin da suka kamu suna warkewa cikin makonni kaɗan. Gabilan na cikin tsirarun da abin ya yi wa tsanani, ga shi sau biyu iska na buɗe ƙofa yana fita cikin sanyi.

Wurin da yara suka fi tunawa shi ne inda Jody ya bi sawun dokin ya tarar da ungulaye sun sauka a kansa. Ya cafke ɗaya a wuya, ya yi ta dukanta da dutse har bayan ta mutu. Uban ya iso ya ce masa ai ba ungulu ce ta kashe dokin ba. Billy ne ya ɗauki yaron a hannu, ya juyo ya yi wa maigidansa tsawa cewa yaron ya sani, shin ba ya ganin halin da yake ciki ne? Mai karatun da ya ce wannan wuri ya yi muni ga yara yana da gaskiya ta fuskar shekaru. Wanda ya ce ba shi da amfani a labarin bai yi masa adalci ba, domin a nan ne ake ganin wane ne ya san zuciyar yaron a gidan.

Labari na uku ya fi na farko nauyi. Carl ya ce zai biya dala 5 a kai goɗiyarsu Nellie barbara wurin ingarman maƙwabci, Jody ya biya kuɗin da aiki, duƙushin ya zama nasa. Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne, kimanin kwana 340, kuma marubucin ya sa mai karatu ya ɗanɗani tsawon jiran. Billy, wanda mutuwar Gabilan ta zubar masa da daraja a idon yaron, ya ƙi cewa komai zai tafi lafiya, amma ya yi alkawarin zai ba shi duƙushi. Daren haihuwa ya sa hannu ya ji ɗan ya zo a juye. Ya ce wa Jody ya kau da kai, ya ɗauki guduma ya kashe goɗiyar, ya farka cikin, ya ciro baƙin duƙushi ya ajiye a gabansa.

Gaggawar da aka nuna gaskiya ce. A haihuwar lafiya ƙafafun gaba ne ke fara fitowa, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, tafin kofato na kallon ƙasa, hanci a kwance a kansu. Daga fashewar faya zuwa fitowar ɗa bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba, saboda mabiyiyar goɗiya tana saurin rabuwa da mahaifa. In an haura haka, kowane minti yana rage damar ɗan. Saniya takan ba da lokaci fiye da haka, kuma wannan bambanci yakan ruɗi wanda ya saba da shanu. Yau likita zai gwada tura ɗan baya ya gyara masa kwanciya, in ya ƙi a sa uwar barci a ɗaga bayanta, in ya ƙi a yi tiyata. In ɗan ya riga ya mutu, a yanka shi a fitar a ceci uwar. Billy da kansa ya taɓa gaya wa Jody cewa wani lokaci sai an yayyaga ɗan don uwa ta rayu. Ke nan ya san hanyar da mai kiwo zai bi, ya bar ta saboda alkawari, ya salwantar da lafiyayyar goɗiya da ta saba haihuwa. Masu dawaki sukan yi fushi da wannan hukunci, kuma suna da hujja: maraya irin wannan bai sha dakashi ba, wanda dole ya shiga cikinsa a sa'o'i 12 na farko kafin hanjinsa ya daina karɓar kariyar da ke ciki, sannan za a riƙa ba shi madara kusan duk bayan sa'a ɗaya ko biyu, dare da rana. Ina ganin marubucin da gangan ya yi. Ya nuna Billy jikinsa na rawa yana faɗa, ya nuna Jody ya kasa murna, fuskar Billy mai jini tana yi masa gizo.

Wani ƙorafi da ake yawan ji shi ne littafin ba ya haɗuwa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban rauninsa. Duƙushin da aka biya da ran Nellie ba a sake ambatonsa a labari na huɗu. Dalili kuwa labaran daban-daban aka rubuta su cikin shekaru. Na biyu kan wani tsoho ne mai suna Gitano da ya dawo ya mutu inda aka haife shi, Carl ya ƙi riƙe shi, har yana kwatanta shi da tsohon dokinsu ɗan shekara 30, da asuba tsohon ya hau dokin ya shige duwatsu. Na huɗu kan kakan Jody ne na wajen uwa, wanda ya taɓa jagorantar ayarin kekunan shanu zuwa yammacin Amurka, yana maimaita labari ɗaya har ya ji surukinsa yana gunaguni a kansa. Mai karatu Bahaushe zai ji nauyin yadda Carl ke magana da tsofaffi, kuma littafin ma bai goyi bayansa ba. Mahaifiyar Jody kuwa ko sunanta ba a faɗa, ba a fitar da ita daga madafa sosai ba. Akwai kuma zaluncin yaron kansa, inda ya harbe tsuntsu da danƙo ya daddatsa shi, ya kuma ɗana wa karen gidan tarkon ɓera. A san kuma akwai 'yan kalmomin rantsuwa da zagi na ma'aikatan gona, da bayanin barbara a fili.

Ga wanda ya kai shekara 13 ko 14 zuwa sama, littafi ne da ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, musamman yaron da ya taɓa rainon tunkiya ko maraƙi. Ga ɗan ƙasa da haka, babba ya fara karantawa. In za a karanta tare, a gaya masa tun farko cewa dokin zai yi ciwo, a tsaya a ƙarshen kowane labari a bar kwana ɗaya ko biyu kafin na gaba, kada a haɗa na farko da na uku a rana ɗaya. Malamin da zai ba ɗalibai ya rubuta kalmomin barga goma sha a allo da Hausarsu kafin a buɗe shafin farko. Fim ɗin da aka yi daga littafin a 1949, wanda Robert Mitchum ya fito a matsayin Billy, ya canza ƙarshen labarin goɗiyar ya bar ta da rai, don haka ɗalibin da ya kalli fim maimakon karatu zai amsa tambayar labari na uku ba daidai ba.