Shika Brown ko Kazar Gida?

Masanan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, kusa da Zariya, su suka samar da kazar Shika Brown don ta jure zafin ƙasarmu. Wajen ƙwai ta yi wa kazar gida fintinkau, sama da 200 a shekara in ta samu kulawa. Sai dai fa ci gare ta! Kullum abincin buhu, ga rigakafi. Ranar da masara ta yi tsada, aljihunka zai gaya maka.

Kazar gida kuwa tana can tana tone-tone a bayan danga, ɗan dusa ya ishe ta. Ƙwanta kaɗan ne, amma ita ke kwanci ta ƙyanƙyashe, abin da waccan ba ta cika yi ba. Mai ƙaramin jari, ni dai ta gida zan ce ya fara da ita.