Tsaga ko yankan gicciye?

Katako kamar rake yake, zarensa duk ya miƙe hanya ɗaya. In kafinta a Agege ya bi tsawon zaren, tsagawa yake yi. Zarton tsaga mai manyan haƙora ne, kankara yake, amma yakan bi karkatar zaren ya kauce wa layi.

Gicciye kuwa datse zaren ne, sai zarto mai ƙananan haƙora masu kaifin wuƙa, in ba haka ba gefen ya yi gashi-gashi. Ni wannan bakin katakon da aka datse a gicciye na fi tsoro. Ƙusa ba ta kama shi sosai, gam ma shanye shi yake. Ga laimar Legas: ƙafar benci ta nan take tsotsar ruwa, shi ya sa ake danƙara mata fenti.