Yadda ake rabon shata a garejinmu na bas ɗin makaranta a Amurka

Yaya barka da war haka, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya kuma zafin Kano. Rannan ka kira ni wajen ƙarfe 3 na ranarmu ban ɗauka ba, da na kira ka daga baya kace wai ko na fara girman kai ne, wallahi ba haka bane, ina kan sitiyari ne da yaran mutane sama da 50 a bayana, kuma doka ta hana direban bas ɗin makaranta taɓa waya yana tuƙi, in aka kama ka aikin ma zai iya tafiya. To tunda kai ka koya min mota kuma kai ka fara kai ni tasha, naga gara in zauna in rubuto maka yadda aikin yake a nan jihar Ohayo, musamman abu ɗaya da har yau yake tsaya min a rai, wato rabon shata.

Motar dai ka santa a fim, doguwar nan ruwan ɗorawa. Tun 1939 suka zauna a birnin Niyok suka tsayar da wannan kalar, kuma yanzu motocin sun doshi 480,000 a faɗin ƙasar, kullum suna kwasar yara wajen miliyan 25. A jiharmu doka ce ta ɗora wa hukumar makarantu ta kowace gunduma ta ɗauki yaro daga ajin farko har aji 8 in gidansu ya wuce mil 2 daga makaranta, kyauta, har yaran makarantun kuɗi ma ana ɗauka in tafiyar bata wuce minti 30 ba, shi yasa zaka ga yaran Somaliyawa da namu na Afirka ta Yamma da hijabansu suna hawa zuwa makarantar Musulunci ba a karɓi ko sisi ba. Duk sanda na tsaya na kunna jar wuta allon tsayawa ya buɗe a gefen motar, titi ya tsaya cak har yaro ya tsallaka, sai in tuna yaranmu goma sha a cushe cikin adaidaita ɗaya jakunkuna na reto a waje, raina ya ɓaci.

Lasisin ma ba wasa bane, CDL suke ce masa, sai ka ƙara jarrabawar ɗaukar fasinja da ta bas ɗin makaranta daban, likita ya duba ka, a binciki tarihinka, kuma kowane lokaci za a iya cewa ka je gwajin ƙwaya ba tare da an sanar da kai tun jiya ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Aikin rabe yake gida biyu, safe daga wajen 6 zuwa 9, yamma daga 2 zuwa 4 da wani abu, in ka haɗa awa 5 ne ko ɗan sama da haka a rana, kuma da awa ake biya, sannan makaranta kwana 180 ne ko kusa da haka a shekara, hutun bazara ba aiki ba albashi. Kuɗin hayar gida kuwa ba ya hutu. Saboda haka abin da ke riƙe direba shine tafiye-tafiyen da ba na kullum ba, kai 'yan ƙwallo wasa wani gari, kai yara gidan zu ko gidan tarihi, 'yan badujalar makaranta ranar Juma'a da dare. Ni dai shata nake ce musu don ba su da maraba da shatar biki ko kai amarya da ke faɗowa tasha. Tafiya ɗaya zata iya baka awa 5 ko 6, har zaman jiran da kake yi a filin wasa ana lissafa maka, in kuma ka haura awa 40 a sati doka tace kowace awa a biya ka ɗaya da rabi. Kaga kenan dole ido ya yi ja a kanta.

Damina ta farko da na yi, a'a hunturu zan ce, dusar ƙanƙara ta sa aka ɗage wani wasan ƙwallon kwando, sai kwatsam ranar Alhamis da rana aka bugo wa ofis cewa yau za a buga, ana son mota ƙarfe 4 da rabi. Ina zaune a ɗakin hutun direbobi ina shan shayi na cikin fulas, mai rabon aiki ta leƙo da rediyo a hannu duk hankalinta a tashe, tace zaka iya zuwa? Nace me zai hana. Na je na dawo wajen 10 na dare ina murna Allah ya kawo rabo.

Ranar Litinin wakilin yuniyon ɗinmu, shima direba ne kamar kowa, ya tare ni a bakin mota yace wata dattijuwa da ta fi shekara 20 tana tuƙi a garejin ta shigar da takardar ƙorafi akan tafiyar nan, don sunanta ne a gaba a jerin gaggawa kuma ba wanda ya kira ta. Gaskiya Yaya abin ya sosa min rai, na ɗauka baƙin ciki take min, ko don ni baƙo ne, har na kwana biyu ina gaisheta a ciki-ciki. Shi kuwa wakilin yace min ba da kai take ba, kuɗinka naka ne ba mai taɓawa, da ofis take. Ya ciro wani ɗan littafi daga aljihun rigar sanyinsa duk ya lanƙwashe, kwantiragin da yuniyon ta sa hannu da hukumar makarantu, ya buɗe min shafin tafiye-tafiye muka karanta a tsaye iska na kaɗa mu.

Jeri biyu ne ashe. Na farko na tafiyar da aka sani tun da wuri, ana liƙa ta a allo, a farkon shekarar karatu a fara daga wanda ya fi kowa daɗewa a aiki a gangaro har kan na ƙarshe sannan a sake zagayowa, in layi ya zo kanka kace baka so to ya wuce ka sai wani zagayen. Na biyu shine na gaggawa, duk tafiyar da ta faɗo ƙasa da awa 24 kafin tashi, ita jerinta daban, mai rabon aiki dole ta bi suna bayan suna ta rediyo ko ta waya kuma ta rubuta ƙarfe nawa ta kira wane da abin da yace, in baka amsa ba ta wuce gaba, amma ƙin karɓar ta gaggawa ba ya cinye maka layinka na babban jeri tunda ba wanda zai zarge ka don baka shirya ba. Ba a baka tafiyar da zata ci karo da hanyarka ta kullum. In kowa ya ƙi sai a nemi direbobin wucin gadi, in suma babu to ana iya ɗora wa ƙaramin cikinmu ko yana so ko baya so. In kuma ka zo ka tada mota sannan aka ce an fasa, awa 2 za a biya ka.

Ƙarshen maganar dattijuwar nan, ofis suka duba takardar kira suka ga babu sunanta, suka biya ta awannin tafiyar cif alhali bata ko murza makulli ba. Ba a yi faɗa ba, ba a haɗa kowa da Allah ba, ba a je gidan wani babba da daddare ba. Da sun ƙi, takardar zata hau sama mataki-mataki har ta kai gaban mai raba gardama wanda ba na yuniyon bane ba na hukuma ba, kuma abin da ya yanke ya zauna.

Ban gane amfanin abin sosai ba sai shekara ta biyu da ya faɗo kaina. Wata Asabar aka samu tafiyar gaggawa mai tsawo, nasan sunana ne a gaba don kullum sai na duba allon, amma ranar Litinin naji wani da suke shiri da 'yan ofis ne ya je. Ni da Turancina bai gama nuna ba, ba dangin iya ba na baba a garin, na rubuta layi uku a takarda na miƙa wa wakili. Aka duba, ba a kira ni ba, aka biya ni. Kuma ka san wa ta fara ce min in rubuta kar in yi shiru? Dattijuwar nan.

Anan ne nake tuna tasharmu. Layin lodi muna da shi kuma ana binsa bakin gwargwado, kowa ya san motar da ke kan layi, wannan kam ba Bature ne ya koya mana ba. Amma ka tuna in shata ta faɗo da hantsi, masu biki na son mota yanzu-yanzu zuwa Zariya ko Katsina, wa ake ba? Wanda ɗan kamasho ya ga dama, ko yaron wani babba, ko wanda ya iya gaisuwa. Ka tuna ranar da muka kwana biyu a tasha ba lodi aka ɗauki shatar aka ba wanda ya shigo da safen nan, kace min in yi haƙuri rabo ne. Na yarda rabo ne Yaya, amma akwai hannun mutum a ciki.

Ba wai tsarin nan bashi da nasa ciwon ba. Na sha ganin yara a tsaye cikin sanyi da kayan wasa, kocinsu na zagaye yana duba agogo, mota gata a fake, ni gani a zaune, amma sai an gama kiran mutum shida da ke gabana. Sabon direba kuma shi ke kwasar hanya mafi wahala da gajerun awanni don zaɓen hanya ma da daɗewa ake yinsa. Abin da ya fi damuna, takarda bata san uzuri ba. A gida in matar direba ta haihu ko an yi masa rasuwa, 'yan uwa da kansu zasu ce a bar masa lodin yau ya samu na rago, anan kuwa a garejinmu ko kai ka so ka bar wa wani layinka ba ka da iko, in ka ƙi sai ya wuce ga na bayanka a jeri. Lokacin da aka yi wa wani abokin aikinmu gobara sai karo-karo muka yi masa a ambulan, tafiya kam ba a iya ba shi ba.

Kuma kar ka ɗauka duk Amurka haka take. Ɗan uwan nan namu na Maraɗi da ke Girinsboro a Karolina ta Arewa, can doka ta hana hukuma ƙulla kwantiragi da yuniyon ɗin ma'aikatan gwamnati tun 1959, abin da ofis ya tsara shi ake bi. Wasu garuruwan kuma kamfani ake ba kwangilar motocin irin su First Student, sharaɗinsu daban. Ko a nan Ohayo a 2011 gwamnati ta yi dokar rage wa yuniyon ƙarfi, sai da jama'a suka fito suka soke ta da ƙuri'a a watan Nuwamba na shekarar, tsofaffin direbobinmu har yau suna ba da labarin yadda suka bi gida-gida. Tun hukuncin kotun ƙoli na 2018 ba dole bane ma'aikacin gwamnati ya biya kuɗin yuniyon, ni dai duk albashi ana cire nawa kuma da yardata.

Don Allah in ka shiga tasha ka karanta wa sakatare wannan, littafi ɗaya na 'yan makaranta ya isa, sunayen direbobi a jere, duk shatar da ta shigo a rubuta wa aka kira da ƙarfe nawa, a bar shafi ɗaya na masu haihuwa da rasuwa yadda muka saba. In kuɗin littafin da biro ne zan haɗa da saƙon Hajiya ƙarshen wata. In zaka kira ni ka bari sai bayan la'asar ɗinku, ko ranar Lahadi, Asabar ɗin nan ni ne na biyu a jerin gaggawa wayar na hannuna.