Garmin eTrex 10 don wasan neman ɓoyayyen kaya, ra'ayina daga Tawa

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu tambaya ta sunka yi yawa kan ƴar na'urar nan ruwan ɗorawa da muke yawo da ita bayan gari, to ga abin da na gani. Sunanta Garmin eTrex 10, GPS ce ta hannu, ta hito tun 2011, kuma har yau ni dai ban ga abin da ya kai ta dacewa da ƙasarmu ba in dai don wasan geocaching ne.

Ga wanda bai san wasan ba, wani ne zai ɓoye ɗan gwangwani ko roba mai murhi, ciki da ɗan littahi da ƴan tarkace, ya ɗauki lambobin wurin ya ba mutane, kai kuma ka sa lambobin cikin na'ura ka bi har ka gano. Ka rubuta sunanka da kwanan wata, in ka ɗauki abu ka aje wani mai daraja kamarsa ko wanda ya hi shi, ka maida gwangwanin daidai inda ka same shi. A Amurka abin ya faro, watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatinsu ta daina rage ma farar hula ingancin GPS, washegari wani Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya watsa lambobin a intanet. Yanzu shahin geocaching.com na da wurare sama da miliyan 3 a duniya. Mu nan tsakaninmu muke ɓoye ma juna, mu tura lambobi ta WhatsApp.

Wasu na cewa ai waya ma na yi. Tana yi, ba musu. Amma ka hau fakon nan na hanyar Keita da tsakar rana cikin watan Afrilu ka gani, gilashin waya ba ka ganin komi sai ka yi mata inuwa da hannu, ta ɗau zahi, caji na zuba, rezo ya ɗauke taswira ta ƙi buɗewa. Ita wagga gilashinta baƙi da fari ne ɗan ƙarami inci 2.2, kuma rana na ƙara bugunsa yana ƙara hitowa sarai. Ba ruwanta da rezo ko kiredi, kai tsaye take ji daga taurarin ɗan adam, na Amurka da GLONASS na Rasha duka biyu. Pil biyu take ci irin na rediyo ƙanana, AA, kamfanin ya ce suna kai awa 25, kuma da pil na kirki maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Na kirki fa na ce. Masu arhar nan na tebur ba su jimawa sam, ka nemi alkalin ko masu caji, sannan ka shiga reglaj ka gaya mata irin pil ɗin da ka sa don ta riƙa nuna maka ragowar caji daidai. Ƙura ba ta dame ta, ruwan sama ma haka, an yi ta ta jure mita guda cikin ruwa na rabin awa.

Sai inda take da rauni, kuma nan nike so a saurara da kyau don shi ke sa sabbin shiga su ce na'urar ta lalace alhali lahiyarta lau. Ba ta da busol a ciki, wato abin nan mai nuna arewa. Tahiyarka take aunawa ta gane inda ka dosa, saboda haka muddin kana tahiya kibiyar da ke kan gilashinta na nuna daidai, kana tsayawa sai ta rikice ta yi gabas ta yi yamma. Maganin shi ne kar ka tsaya cak kana jujjuya ta a hannu, ka yi taku goma sha wani abu a miƙe kibiya za ta dawo hayyacinta. In ta ce saura mita 5 ko 4, to aikinta ya ƙare, sa ta aljihu ka buɗe ido, don ko a hili tas kuskurenta na kai mita 3 zuwa 5, wanda ya ɓoye ma tasa na'urar da nata kuskuren, in ka haɗa biyun kana iya samun kanka mita 10 daga wurin. Nan ne daɗin wasan yake wallahi, ka tsaya ka ce in ni ne ina zan sa, gindin adduwar can ko tsagin dutsin nan, ko duwatsu ukun can da ba su yi kama da zaman Allah da annabi ba. Ka riƙe sanda kuma, kar ka kuskura ka cusa hannu rami ko ƙarƙashin dutsi ba ka zungura ba, kunama da kububuwa ba baƙi ba ne a Adar.

Wani abin da ke ɓad da mutane shi ne rubutun lambobi. Wasan na amfani da digiri da minti, Tawa na wajen N 14° 53 da E 005° 16, sai ƴan lambobi uku bayan ɗigo. Wayoyi kuwa galibi digiri zalla suke ba da wa, 14.88 da wani abu. In mutum ya ɗauki 14° 53 ya rubuta 14.53 ya yi kudu da kusan kilomita 40. Ku daidaita tsari guda ku duka, datum ɗin kuma, wato ma'aunin duniya da ake lissahin lambobi a kansa, ku bar shi WGS 84 cikin reglaj. Mai ɓoyewa ya yi haƙuri ya bar na'ura ta zauna ƴan mintoci a wurin, akwai inda take ɗaukar lamba sau da yawa ta hidda matsakaici, shi ya hi.

Taswirar cikinta kam ba abin a zo a gani ba ce, manyan hanyoyi da garuruwa kawai, kuma babu wurin sa kart memwar. Rubuta lambobi da ɗan maɓallin nan da ake turawa da babban yatsa akwai cin rai, gara ka haɗa ta da ordinatar ka zuba fishiyen GPX, wato fishiye mai ɗauke da lambobin wurare, cikin dosiyen GPX da ke cikin dosiyen Garmin. Abin da nike so ƙwarai, tana zana sawunka, in ka fara ajiye alamar inda ka bar moto to ko magariba ta rufa za ta maido ka.

Don Allah a kiyaye, halin da ƙasa ke ciki kowa ya sani. Kar a ɓoye komi kusa da barikin soja, jandarmeri, hilin jirgi ko antenar waya, kar a yi nisa da gari, a riƙe kart dantite, gonar mutane kuma sai da izinin mai ita, in ƙauye ne a fara gaida mai gari a yi masa bayani. Ba a haƙa rami a binne, ba a sa abinci ciki.

Mai kuɗi ya sai eTrex 32x, tana da busol da gilashi mai kala. Wanda zai sai 10 ɗin ta hannu ya buɗe bayanta ya duba ko pil ya taɓa zubewa ya ci ƙarhen, ya taɓa robar maɓallan gehe ko ta tsage, sannan ya hita waje ya kunna ta gaban mai saidawa ya jira ta kama taurari kahin ya miƙa kuɗi.