Manhajar da ke tattaro labarai da bincike da kanta: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Masu sayar da manhajar sarrafa sabbin dabaru sun daɗe suna tallar akwatin karɓar shawarwarin ma'aikata da allon bibiyar ayyuka. Yanzu abin da suka fi ɗagawa a gaban mai saye shi ne magudanar labarai, wato sashen da ke zagaya intanet dare da rana yana kwaso rahotannin jaridu, takardun bincike da bayanan haƙƙin mallakar ƙirƙira a kan batutuwan da aka zaɓa masa. Kamfanin ITONICS na Jamus, alal misali, yana haɗa irin wannan sashe da taswirar da ake jera sabbin fasahohi a kanta. Ga masana'anta a Kakuri, ko sashen bincike a Kaduna Polytechnic, ko kamfanin abincin kaji da ke sayen masara da waken soya, abin da ya kamata a fara sani shi ne daga ina manhajar take ɗebo labaran, kuma wa zai karanta su. Kyawun allo ya biyo baya.

Aikin hawa uku ne. Na farko tattarowa, ta hanyar RSS (tsarin da shafi ke turo sabbin abubuwan da ya wallafa kai tsaye), ko ƙofar API ta rumbunan bayanai (hanyar da wata manhaja ke ɗebo bayanai daga wata), ko mutum-mutumin da ke karanta shafuka. Na biyu tacewa, ko dai da kalmomin da kuka rubuta, ko da ƙirƙirarriyar basira da ke koyo daga abin da kuka ce kuna so. Na uku ajiya: a liƙa labarin a jikin wani aiki ko wata dabara da ake nazari, domin kada ya ɓace a cikin imel. Bambancin farashi kusan duk a hawa na biyu da na uku yake, amma matsalar mai saye a Kaduna ta fi yawa a hawa na farko.

Hanyar kyauta

Google Alerts da faɗakarwar Google Scholar, injin neman takardun bincike, ba sa cin ko kwabo. A Google Alerts ana rubuta kalma, a zaɓi harshe da yanki, a zaɓi ko saƙo ya zo nan take, ko sau ɗaya a rana, ko sau ɗaya a mako, sannan a zaɓi imel ko RSS. Scholar kuwa imel kaɗai yake turowa. PubMed, ga masu harkar lafiya da magunguna, yana mayar da duk binciken da aka yi a cikinsa ya zama RSS da maɓalli ɗaya. Yawancin jaridun da aka gina a kan WordPress suna da magudana a ɓoye, idan aka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsu.

Illar wannan hanya ita ce komai yana taruwa a akwatin mutum ɗaya. Ranar da ya tafi hutu ko aka yi masa canjin wurin aiki, an koma gidan jiya. Ba ta cire maimaici, ba ta ajiye tarihin abin da aka yanke a kan kowane labari, kuma Google ba ya faɗin abin da ya tsallake. Duk da haka muna ba kowa shawarar ya fara da ita na wata ɗaya ko biyu, domin a nan ne za ku gane kalmomin da ke kawo abu mai amfani, kuma da waɗannan kalmomi za ku gwada duk manhajar da za a kawo muku talla.

Manhajar karatu mai zaman kanta

Feedly da Inoreader su ne suka fi suna tun bayan da aka rufe Google Reader a 2013. Dukansu suna da matakin kyauta mai iyaka a kan yawan majiyoyi, da matakin biya na wata ko na shekara. Abin da kuɗin ke saya shi ne ƙa'idojin tacewa, karɓar wasiƙun labarai na imel a cikin manhajar, ƙirƙirar magudana ga shafin da ba shi da RSS, da allon da ma'aikata da yawa za su gani tare. Babban alherinsu shi ne ku ne ke zaɓen majiya. Kuna iya haɗa Daily Trust da Aminiya da BBC Hausa da shafin cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru da mujallun da ke kan AJOL, rumbun mujallun binciken Afirka, a wuri guda. Ana kuma iya fitar da jerin majiyoyin a fayil ɗin OPML, a ɗauka a koma wata manhajar ba tare da an sake farawa ba.

Abin da ba su da shi shi ne hawa na uku. Labari zai zo, a karanta, a yi masa alama, amma babu inda za a auna shi da sauran dabaru, ko a ce wane ne zai bi shi, da nawa, zuwa yaushe. Masu wayo suna cike wannan giɓi da manhajojin haɗa ayyuka irin su Zapier ko Make, su sa duk labarin da aka yi wa tauraro ya faɗa cikin Google Sheets ko Trello da kansa.

Cikakkiyar manhajar sarrafa dabaru

A nan ake samun ITONICS, HYPE Innovation, Qmarkets, Wazoku, Brightidea da ire-irensu. Ba dukansu ne ke da magudanar labarai mai ƙarfi ba. Wasu asalinsu na tattara shawarwarin ma'aikata ne, don haka a tambaya ƙarara ko sashen yana cikin farashi ko ƙari ne. Galibinsu ba sa buga farashi a fili, sai an nemi a yi magana, kuma kwangilar ta shekara ce da dala ko yuro. Amfaninsu na gaskiya shi ne labari yana zama hujja a jikin wata fasaha da ke kan taswira, ƙwararru su ba ta maki, a haɗa ta da aiki mai kasafi. Hukumar da ke son bin ƙa'idar sarrafa sabbin dabaru ta duniya, ISO 56002 ta 2019, ko neman shaidar ISO 56001 da ta fito a 2024, za ta ji daɗin samun wannan tarihi a rubuce.

To amma rumbun majiyoyinsu an gina shi ne domin kamfanonin Turai da Amurka. Zai kawo muku duk motsin da aka yi a harkar batirin mota, ya yi shiru a kan cutar da ta cinye citta a Kachia. Binciken gida ma haka. Rumbunan takardun bincike irin su Crossref da OpenAlex sun dogara sosai da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba kowace takarda, kuma mujallun tsangayoyi da yawa a jami'o'inmu ba su da ita. Kundin digiri da ke rumbun Kubanni na ABU, ko rahoton cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, ko na cibiyar fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ba lallai ne su bayyana ba. Saboda haka tambaya mafi nauyi ga mai sayarwa ita ce: za mu iya ƙara majiyarmu da kanmu, guda nawa, kuma tacewar za ta yi aiki a kansu kamar yadda take yi a kan nasu?

Gina naku

OpenAlex, wanda ya fara aiki a 2022 bayan Microsoft ya rufe nasa rumbun, a buɗe yake ga kowa. Espacenet da Patentscope ma kyauta ne wajen binciken haƙƙin mallaka. Mai rubuta manhaja ɗaya da ya iya aikinsa zai haɗa su ta amfani da manhajar haɗa ayyuka ta n8n a kan ƙaramar saba (kwamfutar da ke aiki dare da rana), ya riƙa turo taƙaitawa kowace Litinin. Matasan da za su iya wannan suna nan a cibiyoyin fasaha na Kaduna. Sai dai abin yana buƙatar mai kula, domin shafuka suna canza fasali, magudana ta mutu ba tare da ta yi ƙara ba. Idan babu wanda aka ɗauka domin wannan, a haƙura.

Gwajin da ya kamata a yi kafin sa hannu

Kada a yarda da nunin da mai sayarwa ya shirya da batutuwansa. A nemi gwaji na aƙalla mako biyu, a shigar da abubuwan da kuka riga kuka san yadda suka faru. Ga guda uku da suka dace da jiharmu. Tsutsar tumatir Tuta absoluta ta fito daga Kudancin Amurka, an gan ta a Sifen a 2006, ta ratsa Arewacin Afirka, har ta kai gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. Wato shekara goma ana rubutu a kanta kafin ta yi mana wannan ɓarna. Na biyu annobar citta ta 2023 a kudancin jihar. Na uku masarar TELA da IAR ta samar, aka amince da fitar da ita a Janairun 2024. A duba me manhajar ta riƙe a kan kowanne, daga wace majiya, kuma tarihinta ya koma baya har zuwa wace shekara.

Misalin tumatir yana nuna wata matsalar. Masana suna rubuta Tuta absoluta, wasu sabbin takardu suna cewa Phthorimaea absoluta, jaridun Turanci na Najeriya sun kira ta Tomato Ebola, manoma kuma suna ce mata sharon. Wanda ya saka suna ɗaya ya rasa sauran. Dole manhajar ta karɓi kalmomin haɗa bincike OR (ko) da AND (da) da NOT (ban da) da alamar zance, ko kuma ta nuna cewa ta san duk sunayen abu ɗaya ne. A Hausa akwai ƙarin tarko na haruffa masu lanƙwasa: wata jarida za ta rubuta ƙwari, wata kwari, injin kuma ya ɗauke su kalmomi biyu. A saka duka biyun, a ga ko sakamakon ya bambanta.

Bayan haka sai ƙidaya. A ɗauki labarai 50 na farko a kan batu ɗaya, mutum biyu su yi musu alama kowa shi kaɗai: mai amfani, marar amfani, maimaici. Idan masu amfani ba su kai 10 ba, a gyara kalmomin a sake. Idan an gyara sau biyu ba ta canza ba, laifin manhajar ne. Maimaici yana da yawa a labaran Najeriya saboda rahoto ɗaya na kamfanin dillancin labarai na NAN jaridu da yawa ne ke bugawa da kanun labari daban-daban. Manhaja mai kyau tana dunƙule su wuri ɗaya, ta nuna na asali.

Taƙaitawar ƙirƙirarriyar basira tana rage aiki, amma a buɗe asalin takardu biyar a gwada su da abin da ta rubuta. Sau da yawa gabatarwar takarda kaɗai take gani, domin sauran yana bayan shingen biyan kuɗi, sai ta mayar da "mai yiwuwa" ya zama "an tabbatar". Taƙaitawar da ba ta zo da mahaɗin asali ba, a yi watsi da ita. A kuma tambaya ko tana bambanta takardar da masana suka tantance da wadda aka ɗora kafin tantancewa, da kuma yadda take yi da mujallun bogi masu buga komai idan an biya. Game da haƙƙin mallaka, a sani cewa a yawancin ƙasashe ana bayyana takardar nema ne bayan wata 18 da shigar da ita, don haka abin da ya zo yau a matsayin sabo ya riga ya kwana biyu a ɗakin gwaji.

Kuɗi da kwangila

Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya sa hannu a kwangilar dala ta shekara uku kafin lokacin ya ji a jikinsa. A nemi shekara ɗaya, a cire sharaɗin sabuntawa kai tsaye, ko a rubuta ranar da za a ba da sanarwar fita. A lissafa harajin VAT na kashi 7.5. A tambayi banki tun da wuri game da iyakar biya da katin naira, da ko yarjejeniyar lasisin tana buƙatar rajista da NOTAP, hukumar da ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha, kafin a tura kuɗi waje. A bincika ko farashin na kowane mai amfani ne, domin masu karatu kawai bai kamata a biya musu daidai da masu tsara bincike ba. Tunda za a zuba sunayen ma'aikata da shawarwarinsu a ciki, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ku: a san ƙasar da ake ajiye bayanan, a kuma tabbatar za a iya fitar da komai a CSV ko Excel ranar rabuwa, har da makin da aka bayar da sharhin da aka rubuta.

A gwada ta a waya, da datar da ma'aikata ke amfani da ita, ba a kwamfutar ofishin manaja kaɗai ba. Taswirori masu motsi suna da nauyi. Idan ba ta iya turo taƙaitaccen imel na mako wanda za a iya turawa zauren WhatsApp na sashe, injiniyan da ke bakin inji ba zai taɓa ganin abin da ke ciki ba.

A namu ganin, ƙaramin kamfani ko sashen jami'a mai mutum ƙasa da 20 ya tsaya a Inoreader ko Feedly, da batutuwa biyar zuwa takwas, da mutum ɗaya da aka rubuta masa awa biyu a mako a cikin aikinsa domin tacewa, da zama na rabin awa duk wata domin yanke abin da za a bi. Cikakkiyar manhaja ta dace da inda ake da rassa da yawa, da kasafin bincike na kansa, da kwamitin da ke zama a kan lokaci. Ko a can ma, a riƙe ƙaramar manhajar karatu a gefe domin jaridun gida da cibiyoyin Zariya, kuma a sa mutum ya riƙa shigar da abin da aka ji a rediyo ko a kasuwar hatsi ta Saminaka da hannu, tunda waɗannan ba su da RSS.