Daga Ingila: Sifikar Kanti da Sifikar Mayun Sauti

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Tambayar da aka fi aiko mana ita ce ko sifikar da ake jibgewa a manyan kantuna za ta iya karawa da wadda mayun sauti ke saye da kuɗin mota. Ga yadda abin yake a nan.

Kasuwar iri biyu ce. A babban kanti ko intanet, kwali ne a rufe, ka biya ka ɗauka. Shagon ƙwararru kuwa yana da ɗakin saurare mai kafet da labule mai kauri da kujera ɗaya a tsakiya, a jona maka sifikar kamfanin KEF ko Bowers & Wilkins ka zauna ka ji son ranka. Hidimar ta yi, sai dai an shirya ɗakin ne don ya fito da kyan kayan, naka kuwa ba haka yake ba. Abin da ya fi amfani shi ne dokar saye ta intanet: a Birtaniya da Tarayyar Turai kana da kwana 14 ka fasa cinikin ba tare da ba da dalili ba. Wato za ka iya gwadawa a ɗakin da za ta zauna.

Ido yana yaudarar kunne. Masanin sauti Floyd Toole ya shafe shekaru a Cibiyar Bincike ta Ƙasa a Kanada yana ɓoye sifikoki bayan labule mutane na saurare. A 1994, shi da Sean Olive a kamfanin Harman suka nuna cewa da an ɗage labulen, babbar akwati mai sheƙi da tsada sai makinta ya hau. A bayan labule, wadda ke cin gasa ita ce mai fitar da kowane mataki na sauti daidai wa daida, ta gaba da ta gefe. Wannan aikin injiniya ne, ba na itace mai tsada ba. Andrew Jones, wanda ya tsara wa kamfanin TAD sifikoki masu ɗan karen tsada, shi ne ya tsara ƙananan Pioneer masu araha, kuma shi ya yi sifikokin ELAC Debut masu araha a 2015. Saboda haka a matsakaicin ɗaki, a ƙarar da ba ta hana hira, mai araha da aka tsara da kyau tana matsowa kusa ƙwarai.

Inda mai tsada ke yi mata fintinkau shi ne gangar ƙasa, wato bes, da kuma ƙara mai yawa. Bes tura iska ne. Wufa, wato faifan sifika mai fitar da bes, mai faɗin inci 5 takan fara sarewa daga wajen 50 Hz zuwa ƙasa (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Idan ka matsa mata sai fatar ta kai iyakar tafiyarta, murya ta dagule. Sai akwatin. Ƙwanƙwasa gefensa da gaɓar yatsa: in ya amsa kamar ganga, katakon siriri ne ba tokari a ciki, kuma zai riƙa ƙara nasa sautin kan waƙar. Na kirki "tuf" zai ce ya yi shiru.

A takardar kayan, bar lambar wat ta PMPO, talla ce kawai. Duba ƙarfin amsawa, wato yawan ƙarar da take bayarwa da wuta kaɗan, wanda ake aunawa da dB: mai 85 dB tana buƙatar ninki biyu na wutar da mai 88 dB ke bukata kafin su yi ƙara ɗaya, domin kowane 3 dB ninka wat ne. Duba om kuma, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shigarta. Wasu da aka rubuta wa 8 sukan faɗo zuwa 4 a wani mataki, ƙaramar amfilifaya ta yi zafi ta ɗauke. Da yawa daga cikin tiwita (ƙaramin faifan da ke fitar da siririn sauti) da ke ƙonewa ba babbar amfilifaya ce ke kashe su ba, ƙarama ce da aka murɗa har ta fara yanke kan sautin. Waya kuwa, jan ƙarfe zalla mai kaurin 2.5 mm² ta isa ɗaki. Ja ga ja, baƙi ga baƙi, in ka juya ɗaya bes zai zube.

Ɗaki na iya ɓata mai tsada ya gyara mai araha. Ɗaki mai tsawon mita 4 yakan kumbura sauti a wajen 43 Hz, shi ne gurnanin da ake ɗora wa sifika laifinsa. Janye ta daga bango kamar rabin mita, kada ta shiga kusurwa, tiwita ta yi daidai da kunnenka a zaune, kai da su biyun ku yi kusurwa uku mai tazara ɗaya. Idan ka ƙara sabwufa, wato akwatin bes zalla, ka miƙa mata duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, ƙananan sun huta da aikin da ya fi ƙarfinsu, kuma babban kaso na bambancin mai araha da mai tsada ya tafi.

Ga mai son a yi masa aike: sifikar da ba ta da amfilifaya a ciki ba ruwanta da irin wutar lantarkin ƙasar da za a kai ta. Mai amfilifaya a ciki kuwa a duba bayanta, domin ta Amurka sau da yawa 120 V ce, ta nan 230 V. In ba a rubuta 100 zuwa 240 V ba, kada a jona ta Amurka sai da taransifoma.